Shurin Bindiga: Tambayar Da 'Yan Boko Ke Yi Da Wadda Suka Tsallake

Tun daga ƙarshen 2025, lokacin da 'yan bindiga suka riƙa tsallako iyakar Katsina suna kai hari ƙauyukan Shanono da Tsanyawa, wata magana da a da ake yin ta cikin raɗa ta fito fili a majalisun 'yan boko na birnin Kano. A wurin ɗaurin aure, a ofis, har a zaman makoki bayan an shafa fatiha, sai ka ji likita ko lauya ko ma'aikacin banki ya sassauta murya yana tambayar na kusa da shi: shin wace ƙaramar bindiga ce ta fi dacewa mutum ya ajiye a gida? Mai milimita 9 ce, ko .45, ko kuwa 'yar ƙaramar nan ta .380 da ake cewa ko mace za ta iya sarrafa ta? Nan take za ka ga an rabu gida biyu, kowa yana kare ra'ayinsa kamar ana musun ƙwallo, alhali mafi yawansu ba su taɓa ɗora yatsa a kan kunamar bindiga ba.

Ba na ganin laifinsu ƙwarai, domin ba daga sama maganar ta faɗo ba. A watan Maris na 2018 Janar T. Y. Ɗanjuma ya tsaya a Jalingo ya ce wa jama'a su kare kansu. A 2021 Gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya faɗi makamancin haka, sannan a watan Yuni na 2022 gwamnatin Bello Matawalle a Zamfara ta umarci mutane su nemi lasisin riƙe bindiga, abin da Babban Hafsan Tsaro na wancan lokaci, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da hurumin yi. Idan manya suna faɗa wa talaka ya nemi makami, to mai albashi da mota da gilashin ido shi ma dole zuciyarsa ta raya masa wani abu. Ga kuma ƙwacen waya da faɗan daba da suka sa mutum ba ya iya amsa kira a bakin titi bayan magariba ba tare da waige-waige ba.

Ni dai malamin harshe ne, saboda haka mai karatu zai yi mini uzuri idan na shiga zancen ta ƙofar kalmomi. Kusan duk kayan wannan sana'a da sunayensu na aro suka zo mana. Bindiga daga Larabci take, wato bunduƙiyya, kuma kalmar ta yi yawo har ta zama bunduki a bakin Suwahilawa, Indiyawa ma da ita suke amfani. Harsashi daga rasas ne, wato dalma. Albarushi daga al-barud. Libarba kuwa, bindigar nan mai ganga da ke juyawa, Turawan mulkin mallaka ne suka bar mana sunanta. Amma da aka zo kan aikin kansa Bahaushe bai yi aro ba, sai ya ɗauko kalmarsa ta gado, wato harbi. Da ita maharbi ke harba kibiya, da ita jaki ke harbin wanda ya tsaya a bayansa, da ita kunama ke harbin wanda ya taka ta. Ina ganin babu harshen da ya dace da gaskiyar bindiga kamar namu a nan, domin ita ma harbi biyu take yi a lokaci guda: ɗaya gaba irin na kibiya, ɗaya baya irin na jaki. Wannan na bayan shi nake kira shurin bindiga, kuma a kansa musun 'yan boko ya ta'allaƙa.

Dalilin shurin ba ɓoyayye ba ne, duk wanda ya yi sakandare ya haɗu da shi a ƙa'ida ta 3 ta Isaac Newton, wadda ya wallafa a 1687: duk turin da ka yi wa abu, abin zai mayar maka da kwatankwacinsa. Albarushi na ƙonewa, iskarsa na tura harsashi gaba, tana kuma tura bindigar baya da ƙarfi iri ɗaya. Yadda ake auna turin shi ne a ninka nauyin harsashi da saurinsa. Harsashin .22, ƙaramin cikinsu, nauyinsa kimanin giram 2.6 ne, yana fita da gudun mita 300 da 'yan kai a daƙiƙa. Na .380 giram 6 ne da ɗoriya, gudunsa ƙasa kaɗan da mita 300. Na milimita 9 kusan giram 8, gudunsa wajen mita 360. Na .40 ya doshi giram 12 a gudun mita 300. Na .45 ya kusa giram 15, sai dai mai nawa ne, gudunsa wajen mita 255. Idan aka buga lissafin aka ɗauki .22 a matsayin mudu ɗaya, to .380 mudu biyu ne da ɗan ƙari, milimita 9 mudu uku da rabi, .40 ya haura huɗu, .45 ya kusa biyar. Shi kuwa .44 Magnum, wanda finafinan Amurka suka yi wa suna, ya doshi mudu takwas, ban da ƙarin turin da tarin albarushinsa ke haifarwa.

A nan mafi yawan masu musu suke tsayawa, su ce ashe magana ta ƙare, a sayi ƙarami a huta. To, ba ta ƙare ba, domin an manta da rabin lissafin, wato nauyin ita kanta bindigar. Turi ɗaya ne, amma abin da aka tura ya bambanta. Ka ba buhun gero naushi, ka ba ƙwaryar fura irinsa, ka ga wanda zai tashi sama. Bindiga mai milimita 9 cikakkiya, wadda nauyinta da harsasai ya kai giram 900, tana komowa baya da gudun mita 3 da ɗan abu a daƙiƙa. Ka ɗauki harsashin nan dai ka saka shi a 'yar siririyar da ake ɓoyewa a ƙugu mai giram 500, gudun komowarta ya kusa mita 6, ƙarfin dukan da tafin hannu zai sha kuwa ya kusa ninkawa. Da wannan lissafi, tsohuwar .45 ta ƙarfe zalla, mai nauyin kilo 1.1, ta fi wannan siririyar sauƙin hali duk da girman bakinta. Abin da zai fi ba mai karatu mamaki shi ne 'yar .380 ɗin nan ta aljihu, mai giram 300, wadda ake cewa ta mata ce: dukanta a hannu ya fi na cikakkiyar milimita 9, ga mariƙinta gajere, yatsu biyu ko uku kawai ke samun wurin zama. Wato wadda aka fi sha'awa saboda sauƙin ɓoyewa ita ce ta fi wahalar saitawa, kuma ita ake miƙa wa wanda ya fi kowa rashin ƙwarewa.

Bari in ɗan ratse, domin sunayen nan ma da kansu suna yaudara, abin da ke jan hankalin irinmu. Masana asalin kalmomi da dama na ganin kalmar da Turawa ke kiran faɗin bakin bindiga da ita daga ƙalib na Larabci ta samo tushe, wato mazubin da ake zuba narkakken ƙarfe a ciki. Lambobin kuwa ba ma'auni ne tsantsa ba, rabinsu talla ne. Harsashin .380 da na milimita 9 kaurinsu ɗaya, tsawon kwanso da yawan albarushi ne suka raba su. Haka .38 da .357 Magnum kaurinsu ɗaya, amma shurinsu ko kusa. Shi .44 ɗin ma bai cika .43 na inci ba. Milimita 9 ɗin da Georg Luger ya ƙera a farkon ƙarni na 20 kuwa, laƙabinsa Parabellum, Latinanci ne mai nufin shirya wa yaƙi. Wanda ya sayi bindiga saboda lambar da ke jikinta kamar wanda ya auri mace ne saboda daɗin sunanta.

Wani abin da lissafin nan ke rushewa shi ne abin da muke gani a finafinai, na Indiya ne ko na Amurka ko namu na gida, inda ake harbin ƙato ya yi sama ya faɗa bayan kanta. Turin da harsashi ya kai wa wanda aka harba ba zai wuce wanda maharbin ya ji a hannunsa ba. Harsashin milimita 9 in ya tsaya a jikin mutum mai kilo 70, turin da zai yi masa bai wuce gudun santimita 4 a daƙiƙa ba. Ɓarnar da yake yi a cikin jiki ce ke kisa, kuma sau da yawa ba nan take ba. Mutum na iya shan harbi ya ci gaba da tahowa da wuƙarsa.

Wannan darasi hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, FBI, da jini ta saye shi. Ranar 11 ga Afrilu, 1986, a Miyami, jami'anta suka yi arangama da 'yan fashi biyu; aka kashe jami'ai biyu, aka raunata biyar, kuma ɗaya daga cikin 'yan fashin ya ci gaba da harbi bayan ya sha harsashin milimita 9 da ya tsaya dab da zuciyarsa. Sai hukumar ta ɗora laifin a kan ƙanƙantar harsashi, ta koma wa milimita 10 mai ƙarfi. Ba a jima ba aka ga jami'ai da yawa ba sa iya riƙe shurinsa, aka rage masa albarushi, daga nan aka haifi .40 a 1990. Bayan shekaru fiye da 20 ana fama, a 2014 sashen horarwa na hukumar ya ba da shawarar a koma wa milimita 9 ɗin da aka guda, bisa hujjar cewa ƙirar harsasai ta inganta, kuma jami'ai sun fi saurin harbi da samun abin da suka saita idan shurin ya yi sauƙi. Sojan Amurka ma da suka riƙe .45 tun 1911 sun ajiye ta a 1985 suka ɗauki Beretta mai milimita 9. Saboda haka idan amsar tambayar majalisa kawai ake so, ga ta: a wurin waɗanda sana'arsu ke nan, rinjaye ya koma ga milimita 9 a cikin bindiga mai cikakken jiki da nauyi.

Sai dai akwai wani adadi da ya fi duk waɗannan muhimmanci a wurina. Cibiyar bincike ta RAND ta nazarci harbe-harben 'yan sandan birnin Niyok daga 1998 zuwa 2006, ta fitar da rahoto a 2008. Abin da ta gano shi ne, idan ana musayar wuta, kashi 18 cikin 100 ne kacal na harsasan da 'yan sandan suka harba ke samun wanda aka nufa. Ko a inda ba a mayar musu da wuta ba, kimanin kashi 30 ne. Waɗannan fa mutane ne da gwamnati ke horarwa, take sake jarraba su a filin harbi kowace shekara. A cikin kowane harsashi biyar, huɗu sun tafi inda ba a aike su ba.

Shuri na da hannu a wannan, ta hanyar da ba a zata ba. Ba lokacin da bindiga ta tashi ne take karkatar da harsashin farko ba, domin kafin ta gama ɗaga baki ya riga ya fita. Tsoron shurin ne ke yin ɓarnar. Jiki ya san duka na zuwa, ga ƙara mai kusan desibel 160 da ke iya lahanta kunne a tashi ɗaya, sai ido ya ƙifta, hannu ya danna bakin bindigar ƙasa tun kafin kunama ta saki. Karkatar digiri ɗaya tak a nisan mita 10 tana kauce wa abin hari da kusan santimita 17. Digiri uku sun wuce rabin mita, wato faɗin mutum sukutum. Harbi na biyu da na uku kuma daga bindigar da ta riga ta ɗaga kai sama suke fita. Ba abin da ke kashe wannan zabura sai maimaici, harsashi ɗaruruwa, a ƙarƙashin malami, wata bayan wata. Ina malamin jami'a ko likitan da ke Kano zai sami wannan fili da waɗannan harsasai ta halastacciyar hanya?

To, yanzu mu dawo gida mu tambayi inda harsasai huɗun nan za su sauka. Ƙaramar Hukumar Nassarawa ta haɗa duniya biyu. Akwai Nassarawa ta Turawa, mai faffaɗan titi da dogayen katangu da tazara tsakanin gida da gida. Akwai kuma Gama, inda nake zaune, mazaɓar da masu rajistar zaɓe kaɗai suka haura 40,000 a 2019, inda bangon ɗakinka shi ne bangon ɗakin maƙwabcinka, lungu bai fi mutum biyu su gifta ba, ƙofofi na langa-langa ne, lokacin zafi kuma rabin unguwa a tsakar gida da ƙofar gida suke kwana. Harsashin milimita 9 yana iya tafiya fiye da kilomita ɗaya da rabi, ƙofar langa-langa ko rufin kwano kuwa ba sa ce masa komai. Mutumin da ya farka da ƙarfe 2 na dare, ba wuta, zuciya na bugawa, ya harba sau biyar wajen inuwar da ya gani a kan katanga, a Gama ba shi da wata kusurwa da zai juya wadda babu ɗan wani a bayanta.

Mutanen Gama sun kuma san wani abu da ba a littafi suka karanta ba. Sun ga abin da ya faru da sakamakon mazaɓarsu bayan zaɓen gwamna na 9 ga Maris, 2019, wanda aka ce bai kammalu ba, sun kuma ga yadda aka cika unguwar da matasa ɗauke da gora da adda da wuƙa ranar 23 ga watan, lokacin zaɓen cike giɓi. Kowane ɓangare na da labarin da yake bayarwa kan wannan rana, ba kuma shi ne zancena ba. Tambayata ita ce, da a ce a cikin kowane gida goma akwai ƙaramar bindiga a ƙarƙashin katifa, gawa nawa za a kwasa kafin la'asar? Bindigar da uba ya saya don ɓarawo, ɗansa mai shekara 19 ya san inda take. A Amurka, inda cibiyar Small Arms Survey ta ƙiyasta bindigogi 120 ga kowane mutum 100 a 2017, alƙaluman hukuma sun nuna mutum 48,830 bindiga ta kashe a 2021, fiye da rabinsu kuma su suka juya ta kansu. Mu a nan mun iya sakaya irin wannan a cikin nahawu: sai mu ce bindiga ce ta tashi, kamar tsuntsuwa, mu mai da ita mai aikatawa, mu ɓoye yatsan da ya taɓa kunamar.

Duk wannan ma kafin a zo ga tambayar da aka tsallake tun farko. Dokar Makamai ta 1959, wadda har yau ita ke aiki, ta kasa bindigogi gida uku. Kashi na farko haramtattu ne, babu mai riƙe su sai da lasisin Shugaban Ƙasa: igwa, bam, bindiga mai jigida, bindigogin soja, kuma a cikin wannan jeri ne, baƙi a kan fari, aka sa libarba da duk wata ƙaramar bindiga ta hannu. Kashi na biyu su ne irin na farauta, kamar mai baki ɗaya ko biyu da ake ɗura wa harsashi da hannu, lasisinsu na hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Na uku bindigar toka da danginta da ake ɗurawa ta baki, waɗanda Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha ke ba da izininsu. Dokar ta ce lasisi ba haƙƙi ba ne da mutum zai nema dole, kuma ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi. Hukuncin riƙe haramtacciya ba da izini ba yana kai mutum ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba. Ke nan duk musun .380 da .45 da ake yi a majalisa, musu ne kan wace iri ce za ta raka mutum Kurmawa. Wanda zai sayar maka da ita a ɓoye kuwa, kasuwa ɗaya yake ci da wanda ke kai wa mutanen daji, kuma ba ka san gawar da ke rataye a wuyan bindigar da ya miƙo maka ba.

Ba na cewa dokar nan tsarkakakkiya ce. Tana da tarihi, tarihin kuma ba namu ba ne. Tarihin Kano ya nuna a zamanin Sarki Kumbari, a ƙarni na 18, an shigo da bindigogi, Babba Zaki kuma shi ne ya fara ajiye dakaru masu bindiga a fada. 'Yan bindiga a lokacin, har zuwa ƙuruciyarmu, bayin sarki ne masu cika sararin hawan Sallah da hayaƙi. Dubi abin da kalmar ta koma yanzu a bakin masu karanta labarai. A 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a Burasal ta hana shigo da bindigogin zamani yawancin Afirka, aka bar wa baƙar fata ta toka, bayan shekara 13 kuma Kanar Morland ya tsaya a bakin ganuwar Kano da igwa da mai jigida. Rabon da aka yi a Burasal shi ne ƙashin bayan dokar 1959. Shi ya sa a yau manomin Shanono, wanda Sashe na 33 na Tsarin Mulki ya yarda ya kare ransa, abin da doka ta sauƙaƙa masa bai wuce harba-ka-ruga ba, alhali wanda ke zuwa masa da dare AK-47 yake saɓe da ita. Kukansa gaskiya ne, kuma ba ɗaya yake da na ɗan bokon birni ba. Ƙaramar bindiga, wadda amfaninta bai wuce 'yan mitoci ba, ba za ta tsinana masa komai a gaban mai AK-47 ba.

A nawa ganin, idan Majalisar Tarayya za ta taɓa wannan doka, ƙauye ya kamata ta fuskanta: a fayyace hanyar samun lasisin bindigar farauta, a sa wa'adin amsa takarda, a ɗaura shi da horo na tilas da rajistar kowane harsashi, a kuma sa shi ƙarƙashin rundunonin tsaron al'umma irin waɗanda Katsina ta kafa a 2023 da Zamfara a 2024, inda akwai wanda za a tuhuma in an yi ba daidai ba. Ƙaramar bindiga kuwa a bar ta inda dokar ta ajiye ta. Kuɗin da ɗan boko zai kai kasuwar bayan fage, in ya haɗa da na maƙwabtansa goma, zai sa fitilu masu aiki da hasken rana daga bakin lungu zuwa ƙarshensa, ya yi wa lungun ƙofar ƙarfe, ya kuma biya 'yan sintirin unguwa haƙƙinsu na watanni ba tare da an bi gida-gida ana roƙo ba.